Yadda zaka gane tsohon zanen tsuntsu na hannu da na fotokofi

Wani abokina ya kawo min wata takarda mai zanen gauraka, wai mai ita ya rantse mashi tun zamanin Turawan farko take, ya kuma tsuga mashi kuɗi. Nace tsaya malam, kawo wayarka.

Abu na farko kenan, ka kunna kyamara ka zuƙo hoton sosai wajen fiffike. In ka ga kalar ta watse ta koma ɗigo-ɗigo a jere kamar ragar sauro to inji ne ya buga, an gama magana. Na asali baƙin layin kawai anka buga da farantin tagulla ko dutse, sannan mutum ya zauna da buroshi yana shafa kala takarda bayan takarda, shi yasa zaka ga wani wuri kalar ta ɗan tsallake layi, wani wurin tafi kauri, kwafi biyu ma basa zama ɗaya sak. Karkata takardar a haske, in ido ko baƙin gashin na ɗan sheƙi to ƙaro ne sunka shafa, eh ƙaron nan dai namu na kasuwa. Shafa gefe da yatsa a hankali, bugun tagulla na barin shaidar matsi zagaye da hoton, na dutse baya bari.

Sai ka ɗaga ta ga rana. Duk wanda ya taɓa riƙe tsoffin rubuce-rubucen malamanmu na Sakkwato ya san tambarin wata uku da ke cikin takarda, to su ma haka, manyan zanen Audubon, shahararren mai zanen tsuntsayen Amurka, guda 435 da anka fara bugawa a 1827, shekarar da Clapperton, Baturen nan mai yawon bincike, ya rasu nan Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Bello, sunan J. Whatman, kamfanin da ya yi takardar, ne cikin takardarsu kuma tsawonta ya kusa mita guda. Wanda ya miƙo maka ƴar ƙarama yace ita ce, gaishe shi kawai. Na tsuntsayen yankinmu wani Baturen Ingila ne, William Swainson, ya fitar a 1837, su ƙanana ne.

In ka dace da ta gaske don Allah kar kayi laminatin, kar ka manna salatif. Rana na cinye kala, gara kuma ba ruwanta da tarihi. Sa ta kwance tsakanin farar takarda mai tsabta cikin akwatin ƙarfe, nesa da bango da ƙurar hunturu.

Ta abokin nawa dai ragar sauro ce tun daga baki har wutsiya.