Yadda ake gano ruɓewar haƙori tun bai fara ciwo ba

Aikina tsayuwa a gefen kujerar likitan haƙori, ina miƙa masa kayan aiki, ina riƙe bututun da ke tsotse yawu. Yawancin waɗanda ke zuwa wurinmu sai kunci ya kumbura, an kwana uku ba barci, an cusa kanumfari a kogon har ya daina ji. Idan aka tambayi mutum me ya hana shi zuwa da wuri, amsar ɗaya ce: "Ai da ba ya yi mini ciwo." Gaskiya ya faɗa. Farin ɓawon da ke saman haƙori ba shi da jijiya, don haka ruɓewa za ta iya yin watanni tana cinsa ba ka ji komai ba. Tsutsar da ake cewa tana cin haƙori kuwa, ban taɓa ganin ta ba. Ƙwayoyin cuta ne ke mayar da sukarin shayi, alewa da lemon kwalba ya zama ruwa mai tsami, shi ke narkar da ɓawon a hankali.

Ranar da za ka zo, ka goge bakinka sosai, ka haƙura da goro. Kada ka daka asfirin ka ɗora a kan dasashi, ƙona shi yake yi. Sannan ka zo da labarinka a shirye, domin da tambaya likita ke farawa. Ruwan sanyi ne ke tayar da ciwon, ko zaƙi, ko abu mai zafi? Yana lafawa nan take, ko yana daɗewa yana zogi? Yana tashinka da dare? Akwai wurin da nama ke maƙalewa kullum sai ka nemi tsinken sakace? Mai juna biyu ta faɗa, mai ciwon sukari ma haka, da wanda ke shan maganin da ke busar da baki.

Daga nan sai fitila da ɗan madubi. Abin da mutane ba sa lura da shi, alhali ya fi komai amfani, shi ne iskar da ake hura wa haƙori kamar na daƙiƙa 5. Yawu na ɓoye farkon ruɓewa. Da haƙori ya bushe sai ka ga wani ɗan tabo fari fat kamar alli, ba ya sheƙi, galibi a gindin dasashi ko cikin tsagar turmi. Wanda aka kama nasa a nan ya yi sa'a: ba huda, ba ciko, man goge baki mai fuloraid da rage zaƙi kan iya tsayar da shi. Idan ka ji likita na faɗa mini lambobi ina rubutawa, wani ma'auni ne daga 0 zuwa 6, 0 lafiyayye, 6 babban kogo. Baƙi kuma ba kullum yake nufin ruɓewa ba. Goro, taba da shayi duk suna rina haƙori. Abin da ya fi tayar wa likita hankali shi ne inuwa toka-toka a ƙarƙashin ɓawon da ake gani kamar lafiyarsa lau.

Ɗan ƙarfen nan da kowa ke tsoro, shafa wurin ake yi da shi a ji ko ya yi laushi ko kaushi. A da akan danna mai tsini da ƙarfi a ga ko zai kafe, yanzu an fi son mai dakusasshen baki, don tsinin kan fasa tabon da zai iya warkewa.

Sai hoton X-ray, inda ake yawan gardama da mu saboda kuɗi. Tsakanin turame biyu da suka matse juna, ido ba ya kaiwa, madubi ba ya kaiwa. Za a sa maka ɗan faifai a baki ka cije, a ɗauko na sama da na ƙasa tare. Wani likitan Amurka, Howard Raper, ya fito da wannan salo a 1925. Kafin shi, a 1896, Otto Walkhoff na Jamus ya ɗauki hoton haƙoransa da kansa, ya zauna minti 25 ana haska shi. Yau ko daƙiƙa 1 ba a cikawa. Akwai wani saurayi da ya zo raka mahaifiyarsa, haƙora farare tas, yana ta yi mana dariya da muka ce ya hau kujera. Hoton ya nuna duhu a tsakanin turamensa biyu, ɗaya ya kusa kai wa jijiya. Ka roƙi a nuna maka naka, ruɓewa duhu take fitowa a cikin fari. Amma ka sani hoto kan rage wa abin girma, idan an buɗe haƙorin sau da yawa ramin ya fi abin da aka gani.

Wasu asibitocin suna haska fitila mai ƙarfi ta bayan haƙori, wurin da ya ruɓe ya fito kamar inuwa. Wasu suna da DIAGNOdent, na'urar leza mai bayar da lamba daga 0 zuwa 99. Tana taimakawa, sai dai datti da rini kan ɗaga lambar a banza, don haka ni ba zan yarda a huda mini haƙori don lamba kaɗai ba.

Idan ana zargin abin ya yi zurfi, za a ɗora auduga mai sanyi ƙarara a kan haƙorin, a kuma ƙwanƙwasa shi da gindin madubi. Nan ba wurin nuna jarumta ba ne. Ka ɗaga hannu da ka ji, ka sauke da ya lafa. Tsawon lokacin da hannunka ya yi a sama na cikin abin da ke raba ciko da aikin cire jijiyar haƙori.

Iyaye kuma, ga wanda ya fi ba ni takaici. Wajen shekara 6, lokacin da yaro ke fara famfara, wasu turame 4 kan fito can ƙurya ba tare da wani ya faɗi ba. Na dindindin ne, amma ana ɗaukarsu na yarinta, a ce ai zai zube wani ya fito. Sau ɗaya a wata ki kwantar da kansa a cinyarki, ki share haƙoran da tsabtataccen ƙyalle su bushe, ki haska da fitilar waya, ki ɗaga leɓen sama ki dubi gindin dasashi, sannan ki leƙa waɗancan turamen na ƙurya.