Kurakuran da masu sayen sandar gwal da azurfa ta intanet suka fi yi

Tun da darajar kuɗi ta fara zaizayewa a hannun jama'a, masu ɗan abin hannu da yawa sun koma adana dukiyarsu a gwal. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan dabara, sai dai su sarƙa da awarwaro suke saye, a shago, a gaban mai sikeli. Yanzu kuwa ƙananan sandunan zinare da na azurfa ake talla a eBay da AliExpress da Facebook da Instagram, suna ƙyalli cikin leda, mutum ya tura kuɗi bai taɓa kayan da hannunsa ba. Cinikin biri a sama ke nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da yawa daga cikin waɗannan sanduna ba su ɓoye asalinsu ba. A jikinsu aka rubuta cewa shafe ne, amma da kalmomin da aka san mai saye zai tsallake.

Kallon lamba a bar kalmar da ke gefenta

Ido yakan faɗa kan 999 da 24K, lambobin da ke nuna gwal zalla, zuciya ta kwanta. To, waɗannan lambobi suna iya zama bayanin ruwan gwal ɗin da aka shafa a sama kawai, ba na cikin sandar ba. In ka ga plated, ko clad, ko layered, ko GP, ko HGE a jikin sanda ko a can ƙasan talla, ana gaya maka ne cewa wani ƙarfe mai araha aka yi wa wanka da ruwan zinare. Replica da copy kuwa kwaikwayo suke nufi.

Wadda ta fi cin mutane ita ce mai rubutun 100 mills .999 fine gold. Mai karatu sai ya ɗauka wani babban mataki ne na tsabtar gwal, alhali kaurin shafen ake nufi, kashi 100 cikin miliyan na inci ɗaya. Ko da sun cika wannan alkawari, gwal ɗin da ke jikin sanda mai giram 31 bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyinta ba. Sauran duk jan ƙarfe ne ko tagulla.

A ɓangaren azurfa lamarin ya fi muni. German silver, wadda ake kuma kira nickel silver ko alpaca, haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, babu ɗigon azurfa a cikinta. Haka Nordic gold: kashi 89 cikin 100 jan ƙarfe ne, da shi ake buga kwabban yuro na santi 10 da 20 da 50, kuma babu gwal a ciki. Duk sunan ƙasa ko yankin da ba ka sani ba da aka liƙa wa gwal ko azurfa, ka bincika shi kafin ka saya. Ka kuma sa mai kaya ya rubuta maka a fili cewa sandar gwal ce zalla, ciki da waje.

Murnar samun araha

Kullum ana bayyana farashin oza ɗaya ta zinare a kasuwar duniya, kuma duk mai waya zai iya dubawa. Ozar da ake auna zinare da azurfa da ita giram 31.1 ce, ba giram 28.35 ta sauran kaya ba. Raba farashin da 31.1, ka sami kuɗin giram ɗaya. Sandar gaske kullum takan ɗara wannan farashi da ɗan wani abu, saboda ladan tacewa da bugawa da ribar dila, kuma ƙaramar sanda ta fi babba tsada in aka lissafa da giram. Mai gwal na gaske zai iya shiga shagon masu gwal yau ya fito da kuɗinsa kusan cif. Me zai sa ya sayar maka a rabin kuɗi? Labarin gwanjon kwastan, ko na wani mai neman kuɗin asibiti da gaggawa, ba ya sauya wannan lissafi.

Dogara da sikeli kaɗai

Wannan kuskure masu ɗan wayewa ne suka fi yin sa. An ɗora sanda a sikeli, ta ba da 31.1, sai a ce alhamdu lillahi. Ai mai yin jabu ma yana da sikeli. Abin da ba zai iya ba shi ne ya haɗa nauyi da girma su dace a lokaci guda, muddin da jan ƙarfe ko tagulla yake aiki. Gwal mai faɗin santimita ɗaya, tsawo ɗaya, kauri ɗaya, nauyinsa giram 19.3 ne. Azurfa mai wannan girma 10.5 ce, jan ƙarfe kuwa bai cika 9 ba. Saboda haka sandar tagulla mai nauyin oza guda sai ta ninka ta gwal girma har da ɗoriya. Galibi a kauri ake ɓoye bambancin, domin ta gaba kawai ake ɗaukar hoton talla. Manyan matatun gwal suna wallafa tsawo da faɗin sandunansu. Nemi ma'auni ka gwada, ka fi mai da hankali ga kaurin.

Akwai kuma gwajin ruwa, wanda ake iya yi a gida da ƙaramin sikeli mai nuna 0.01 na giram. Auna sandar tukuna. Sai ka ɗora kofin ruwa a sikelin ka mai da shi sifili, ka ɗaure sandar da zare, ka nutsar da ita ba tare da ta taɓa gindi ko gefen kofin ba. Raba nauyin farko da lambar da ta fito. Gwal zalla zai ba ka kusan 19.3, azurfa kusan 10.5.

A ɓangaren gwal, ƙarfen da ya fi tsallake wannan tarko shi ne tangistin, wanda ake yin zaren tsohon ƙwan lantarki da shi. Nauyinsa da na gwal kusan ɗaya ne. A 2012 an gano sanduna masu oza 10 a unguwar masu sayar da lu'ulu'u ta birnin New York, waɗanda aka raraƙe cikinsu aka cusa tangistin, aka bar ɓawon gwal na gaske a waje. Irin wannan sai na'urar da ke auna gudun sauti a cikin ƙarfe, ko mai auna yadda lantarki ke ratsa shi, ko kuma a huda sandar.

Yarda da gwajin da bai wuce fata ba

Maganaɗisu yana kama sandar da cikinta baƙin ƙarfe ne, shi ke nan aikinsa. Jan ƙarfe da tagulla da dalma duk ba ya jan su. Goga sanda a dutse a ɗiga ruwan gwaji, saman kawai ake gwadawa, kuma saman gwal ne da gaske. Hatta na'urar haske ta XRF da manyan shaguna ke ji da ita ba ta leƙa can ciki, shafe mai kauri yana iya ruɗin ta. Kada wanda aka cuta ya ga kamar shi kaɗai ne marar wayo: a 2008 Babban Bankin Habasha ya tarar da baƙin ƙarfe mai ruwan gwal a cikin ajiyarsa, a 2020 kuma aka fallasa cewa tan 83 na sandunan da kamfanin Kingold na birnin Wuhan a China ya jinginar don karɓar bashi, aƙalla wasunsu jan ƙarfe ne da aka shafe. Gwaji ɗaya ba ya isa, sai an haɗa biyu ko uku masu duba abubuwa dabam-dabam.

Leda, lamba da takardar shaida

Sunayen matatun gwal irin su PAMP da Valcambi na Suwizalan da Perth Mint ta Ostireliya su aka fi kwaikwaya, don su mutane suka fi yarda da su. Ana buga katin shaidar, ana buga lambar sanda, ana manne ledar tsaf. Wani lokaci lamba guda za ka gani a hotunan masu talla dabam-dabam, alhali kowace sanda tata lambar gare ta. Ƙungiyar LBMA ta masu cinikin gwal da azurfa a Landan tana da jerin matatun da ta amince da su, amma ganin suna a jerin ba ya tabbatar da cewa sandar hannunka daga can ta fito. Saye daga dilan da matatar ta san da zamansa shi ya fi. PAMP tana da manhajar Veriscan ta tantance wasu sandunanta, a yi amfani da ita in sandar na cikinsu.

Biya ta hanyar da kuɗi ba sa dawowa

Da zarar mai kaya ya ce ku bar dandalin ku koma WhatsApp, ka tura kuɗi kai tsaye asusunsa zai rage maka, kariyar da kake da ita yake son raba ka da ita. Biya ta inda ake iya shigar da ƙorafi. Ɗauki bidiyon buɗe ƙunshin tun daga manne har fitowar sanda, ka kai ta wurin mai gwal da ka yarda da shi a makon, kafin wa'adin mayar da kaya ya cika. Tun kafin ciniki kuma ka tambayi mai kaya ko zai sake sayen sandar daga hannunka in ka tashi sayarwa, kuma a kan nawa. Dilan gaske zai faɗa maka farashi nan take, don saye da sayarwa ne sana'arsa. Mai shafe kuwa kwana-kwana zai fara yi maka.