Darasi na Shida: Bututun Gas da ke Binne Lokacin Gyaran Gida

Mai gidan da zai sake katanga, ko ya fasa daɓe, ko ya haƙa sabuwar salga, wajibi ne ya san abin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa kafin lebura ya ɗaga diga. A wasu gidajen birni ana ajiye tukunyar gas a waje, a binne bututu ta tsakar gida zuwa kicin, a Amurka da Ingila kuwa kamfani ne ke kawo gas ɗin daga titi har cikin gida.

Bututun zamani yawanci na roba ne mai launin rawaya, kuma sara ɗaya na diga ya isa ya huda shi. Zurfinsa ma ba abin dogaro ba ne, domin ruwan sama yana zaizaye ƙasa, ta yadda abin da aka binne da zurfi a bara zai iya kusantar sama a bana. A Amurka ana kiran lambar 811 'yan kwanaki kafin a fara haƙa, ma'aikata su zo kyauta su yi alama da fenti ko ƙananan tutoci, rawaya ita ce ta gas. Sai dai galibi suna tsayawa ne a kan mitar gas ta gidan, abin da ya wuce nan alhakin mai gida ne.

Inda babu irin wannan tsari, sai a nemo wanda ya shimfiɗa bututun tun farko, a kuma rufe makullin gas. Daga nan, duk haƙar da ta zo kimanin rabin mita kusa da layin, da shebur za a yi ta, a hankali, ana yaye ƙasa daga gefe har bututun ya bayyana. Birkilan da ya ce ya san wurin da ka, bai kamata a biye masa ba.

Idan an riga an huda, za a ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ko huci daga rami, ko a ga ruwan da ya kwanta yana kumfa. Da gangan ake zuba wa gas wannan warin, al'adar da ta yaɗu bayan fashewar wata makaranta a New London ta jihar Texas a 1937, wadda ta kashe mutane kusan 300. Kowa ya fice nan take, kada a kyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki ko a tayar da janareta, waya ma sai an yi nisa a kira 'yan kwana-kwana. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, saboda haka yana taruwa ne a cikin ramin, inda lebura yake tsaye.

Kada a ɗaure hudar da robar taya a mayar da ƙasa, kamar yadda ake yi wa bututun famfo. Ko ƙarzuwa kawai bututun ya yi, sai ƙwararren mai aikin gas ya duba shi, ya gwada, sannan a rufe ramin.