Yadda Ake Ɗanɗana Burukutu, Fito da Giyar Kwalba Domin a Bambance Su

A garuruwan Filato, kudancin Kaduna, Taraba da Adamawa, inda Hausa ce harshen kasuwa har ga waɗanda ba ita suka tsotsa a nono ba, akan ji ana gardama a kan wace mata ce ta fi iya dafa burukutu, ko wace giyar kwalba ce ta fi wata, amma da wuya a sami wanda zai kawo hujjar da ta wuce cewa wannan ta fi kama jiki. Ƙarfin maye kuwa shi ne mafi raunin ma'auni, domin launi da ƙamshi da tsami da ɗaci su ne ke nuna gwanintar wanda ya dafa. Bayanin nan na manya ne waɗanda addininsu da dokar inda suke zaune suka yarje musu sha, tunda Musulunci ya haramta giya, kuma yawancin jihohin da suka bi sawun Zamfara wajen aiki da shari'a daga shekarar 2000 sun hana cinikinta.

Abin da ya sa burukutu da giyar kwalba za su iya zama a tebur ɗaya shi ne dawa. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, sai kamfanonin giya na Najeriya suka koma ga dawa da masara, har dawar ta zauna daram a cikin sana'arsu. Baƙar giyar Guinness da ake yi a Ikeja tun farkon shekarun 1960 tana da dawa a cikinta, kuma ƙarfinta kashi 7.5 ne cikin ɗari, alhali wadda ake zubawa daga famfo a mashayar Dublin ta ƙasar Ireland kashi 4.2 ce kawai. Saboda haka wanda ya jera burukutu da fito da farar giya irin Star da kuma baƙar giya, yana bin hatsi ɗaya ne ta hannuwa daban-daban. Idan ana samun bammi sabon sauka daga bishiya, a ƙara da shi ya zama na biyar, ko da yake ba dangin hatsi ba ne.

Shirin ba shi da wuya. A tanadi kofunan gilashi iri ɗaya waɗanda aka ɗauraye har ƙamshin sabulu ya fita, da ruwan sha, da burodi marar sukari ko dafaffiyar doya ba mai ba yaji, domin goge baki tsakanin kofi da kofi. A zuba kamar mililita 60 na kowace, ta yadda duka biyar ɗin ba za su wuce rabin babbar kwalba ba. Kada a ci goro ko tsire, kada kuma a sha taba kafin a fara; duk wanda ya taɓa shan ruwa bayan cin goro ya san yadda ruwan ke zama kamar an sa masa zuma, kuma harshen da ya ruɗe haka ba ya iya alƙalanci. Farar giya tana son sanyi sosai, baƙar giya kuwa a fitar da ita daga firiji a bar ta kamar minti 15, domin tsananin sanyi yana rufe ƙamshi. Burukutu da fito da bammi ana shan su yadda suka zo.

Idan akwai giyar kwalba fiye da ɗaya, wani ya zuba a ɓoye ya sa wa kofuna lamba. Suna da farashi suna rinjayar baki fiye da yadda mutum ke yarda. A birnin Paris a 1976, wani ɗan Ingila mai cinikin giyar inabi, Steven Spurrier, ya tara ƙwararrun Faransa suka ɗanɗana giyar ƙasarsu da ta Kalifoniya ba tare da ganin kwalabe ba, sai suka ba ta Amurka matsayi na ɗaya a farar giyar inabi da ja duka, abin da babu ɗayansu da zai yarda da shi da ya ga tambarin.

A fara da mai sauƙi a ƙare da mai nauyi: bammi, farar giya, fito, burukutu, sa'an nan baƙar giya, domin ɗaci yana daɗewa a maƙogwaro kuma yana danne duk abin da ya biyo bayansa. A kowane kofi a ɗaga shi zuwa haske a dubi launi da kumfa, a kaɗa shi a hankali a shinshina sau biyu ko uku a gajarce, sa'an nan a kurɓi kaɗan a bar shi ya zagaya baki kafin a haɗiye. Masu gwajin giyar inabi sukan tofar, amma a giyar hatsi gara a haɗiye kurɓi ɗaya, saboda rabin labarinta yana cikin abin da ya rage a baki bayan ta wuce. Hausa ba ta rasa kalmomin wannan aiki ba: akwai zaƙi, tsami, ɗaci, bauri, gardi, ƙauri da lami, kuma wanda ya iya raba bauri da ɗaci ya riga ya yi nisa.

Burukutu ce ke buƙatar dogon zama, domin ita aka fi yi wa rashin adalci idan aka auna ta da mudun giyar kwalba. Ana jiƙa dawa ta kwana, a shimfiɗa ta a rufe ana yayyafa mata ruwa har ta tsiro cikin kwana huɗu ko biyar, a shanya, a niƙa, a dama a dafa, a bar ruwan ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, in ya huce a zuba masa ragowar tsohuwar giya wadda ke ɗauke da yisti. Tsamin nan da gangan ake nemansa, kuma ƙwayoyin halittar da ke kawo shi dangin waɗanda ke tsamar da nono ne. Don haka tsamin burukutu mai kyau yana da laushi irin na kindirmo ko kunun da ya kwana, yana tafe da gardin tsiro da ɗan hayaƙin itacen da aka yi girki da shi. Idan jar dawa ce, za a ji bauri yana ɗaure harshe kaɗan, wanda ke fitowa daga ɓawon hatsin, kuma a ganina shi ne ke ba ta mutunci. Burukutun farar dawa ta fi sauƙin sha amma takan yi lami. Kaurinta da gurɓatar launinta ba aibi ba ne, kuma ƙananan kumfa da ke tasowa daga ƙasa shaida ce cewa tana da rai. Fito kuwa an fi tace shi, ya fi tsarki a ido, ya fi ruwa-ruwa da zaƙi, kamar yadda ake samunsa a arewacin Gana, yayin da bilbil na arewacin Kamaru da dolo na Burkina Faso duk 'yan ɗaki ɗaya ne da su.

Da yake ba a kashe yistin da ke cikinta ba, burukutu tana canzawa daga safiya zuwa yamma. Wadda aka ɗebo da hantsi tana da sauran zaƙi, ta la'asar ta fi ƙarfi da tsami, bayan kwana biyu ko uku kuwa sai ta koma tsami mai hawa hanci irin na binega. Wanda ke son kwatanta hannun mata biyu dole ya tambayi kowacce yaushe ta sauke, in ba haka ba lokaci yake kwatantawa alhali yana zaton gwaninta yake aunawa. Yana da kyau kuma a gwada ta sau biyu, a gilashi domin ido ya gani, da kuma a ƙoƙo, domin ƙwarya tana da nata ƙamshin da mashaya suka saba da shi har suna ganin giyar ba ta cika ba sai da shi.

A giyar kwalba abin lura shi ne ɗacin furen wata shuka mai yaɗo da Turawa ke kira hop, wadda babu ita a burukutu sam. A farar giya ɗacin gajere ne, yana wucewa ya bar baki wasai. A baƙar giya yana haɗuwa da ɗacin gasasshen hatsi, mai kama da na gahawa, tare da zaƙi mai nauyi da ɗan tsami a can ƙarshe, kuma wanda ya kurɓe ta bayan burukutu yakan ji cewa tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda farashinsu ke nunawa ba.

Sanin aibi shi ne rabin gwajin. Kwalbar da ta sha rana, musamman koriya ko fara, tana yin wari mai ɗoyi da zarar an buɗe, tsohuwar giya kuma tana ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Ƙauri a burukutu yana nufin tukunya ta kama, warin funfuna kuwa yana nufin tsiron bai bushe da kyau ba, kuma irin wannan a zubar kawai, domin funfunar hatsi tana iya ɗauke da gubar da ke cutar da hanta. Bammin da aka tsarma da ruwa aka ƙara masa sinadarin zaƙi na sakarin yana da zaƙi mai kaifi wanda ke barin ɗacin ƙarfe a baya. Burukutu ba ta cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari ba, saboda haka wadda ke ƙona maƙogwaro alama ce an gauraya ta da ogogoro, wato barasa mai ƙarfi da ake haɗawa a gida. A nan harshe ba shi da amfani, domin ba ya gane sinadarin metanol da ke makantarwa ko kisa, irin wanda ya hallaka mutane a Ode-Irele ta Jihar Ondo da kuma Jihar Ribas a 2015. Duk barasa mai ƙarfi irin ogogoro da ba a san hannun da ya yi ta ba, a bar ta a wajen wannan tebur.

Lissafi ma yana da wurinsa: babbar kwalba mai mililita 600 ta baƙar giya tana ɗauke da mililita 45 na tsantsar barasa, ta farar giya mai kashi 5 kuwa mililita 30, wato kwalba biyu na waccan daidai suke da uku na wannan. Mace mai ciki, da mai shan magani, da wanda zai tuƙa mota ko babur, ba su cikin masu gwaji.

Kowa ya rubuta abin da ya ji kafin a fara magana, domin da zarar babba ya ce wannan ta fi, sauran baki sukan bi. Bayan an buɗe lambobi ne ake kawo abinci, a sake zagaye ɗaya da ragowar kofunan: tsamin burukutu yana yanke maiƙon balangu, baƙar giya tana jure yajin tsire da farfesun kan akuya, farar giya da bammi kuwa sun fi dacewa da gasasshen kifi.