Darussan gama-gari a jami'o'in Amurka: a yi lissafinsu tun zangon farko

Ƙannena da kuka iso bana, sannunku da zuwa, ya gajiyar hanya? Kafin ku saba da sanyi da abincin garin, akwai maganar da ya kamata mu yi, domin ita ce take hana mutane gama digiri a kan lokaci.

A gida tun wajen cike fom ɗin JAMB mutum yake zaɓar abin da zai karanta, kuma da zarar ya shiga sashensa, sashen ne zai jera masa kwasa-kwasai, nasa rajista kawai. GST kuwa, wato darussan gama-gari na jami'o'in gida, kowa ya san yadda ake yi da shi: ɗaki cike maƙil, a haddace, a rubuta, a manta. A Amurka abin ba haka yake ba, musamman a kwalejojin da ke bin tsarin ilimi mai faɗi, wanda suke kira libaral ats. Fannin da ka zo dominsa, wato meja, sau da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na digirin ba. Wani kason kuma na darussan gama-gari ne, waɗanda ɗalibai ke kira jen ed, sauran kuma na zaɓin ranka. Makin ajin tarihi yana shiga cikin GPA, wato matsakaicin makinka, kamar yadda na ajin kemistiri yake shiga, kuma kwas guda na gama-gari da ka tsallake zai iya riƙe maka takardar digiri ko da ka fi kowa a sashenku.

Mu fara da lissafi. A yawancin jami'o'i digirin farko kiredit 120 ne, a zango takwas; kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas. Kwas ɗaya yakan ɗauki kiredit 3, mai ɗakin gwaji 4. Kenan kiredit 15 ake so a kowane zango. Amma bizar karatu ta F-1 kiredit 12 ta wajabta, kuma nan ne da yawa suke ruɗuwa: suna jin 12 sai su ɗauka shi ne ƙa'ida. Ka buga 12 sau takwas, 96 za ka samu, saura 24, kusan shekara guda ke nan ta ƙarin kuɗin makaranta da haya, kuma mai ɗaukar nauyinka bai yi wannan alkawarin ba. Wasu makarantun kwasa-kwasai suke ƙirgawa maimakon kiredit, Harvard 32, Yale 36, amma lissafin dai iri ɗaya ne.

Tsarin gama-garin ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta. Wanda ya fi yawa shi ne a raba ilimi gida-gida, kimiyya, lissafi, nazarin zamantakewa, adabi da tarihi da falsafa, zane ko kiɗa, a ce ka ɗauki kaza daga kowane gida. Wasu kuma ba su bar zaɓi ba. Jami'ar Columbia tana da darussan tilas da ta faro tun 1919, inda kowa zai karanta Aflatun da Aristotil da sassan Attaura da Linjila da Alƙur'ani a ƙaramin aji, a yi muhawara. Jami'ar Chicago ma tana da irin nata. A ɗaya gefen, Brown ta soke darussan tilas a 1969, Amherst da Grinnell kuma aji ɗaya na 'yan shekarar farko kawai suka wajabta ban da meja. Saboda haka kada ka ɗauki shawarar ɗan uwanka da ke wata jiha ka ɗora a kan makarantarka. Akwai ma inda sai ka nuna ka iya iyo kafin a ba ka digiri, kamar Cornell da MIT. Wanda bai iya ba ajin koyo ake sa shi. 'Yar'uwa mai hijabi ta je ofishin wasanni tun da wuri a yi maganar sutura da lokaci, kada ta bari sai shekarar ƙarshe.

A cikin duk darussan nan, ajin rubutu na shekarar farko shi ne na fi so ku ba muhimmanci. Da yawanmu mun zo da Turanci mai kyau, har mukan ji haushi an sa mu ajin koyon rubutu. To ba nahawu ake koyarwa ba. Abin da ake so shi ne ka ɗauki matsayi a kan wata magana, ka kawo hujja, ka faɗi inda ka samo kowace hujja. Mu kuwa an raine mu a kan mayar wa malami abin da ya ba mu kalma da kalma, shi ne ɗalibi nagari. Nan idan ka kwaso jimlar wani ka saka ba tare da ka ambace shi ba, satar fasaha ce, hukuncinta daga faɗuwa a kwas har kora. Kowace makaranta kusan tana da cibiyar taimakon rubutu kyauta, kuma kowane malami yana da sa'o'in da yake zaune a ofis domin ɗalibai kawai. Zuwa wurinsa ba rashin kunya ba ne, ba kuma neman suna ba. Haka yin magana a aji: shirun da muke yi don girmama malami, shi a wurinsa rashin karatu ne, kuma yakan ware maki a kai.

Sai sharaɗin harshe. Kwalejoji da yawa suna so ɗalibi ya kai wani mataki a harshe na biyu, abin da kan ci zango biyu zuwa huɗu. A nan Bahaushe yana da jari a hannu, sai dai ba wanda zai zo ya tambaye ka. 'Yan Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi sakandare da Faransanci, takardar bakaloriyarsu kan isa a ɗauke musu. Wanda ya yi Islamiyya sosai ya nemi gwajin Larabci a sa shi matakin da ya dace. Hausa ma ana iya karɓarta, an daɗe ana nazarinta a jami'o'i irin su Wisconsin da Indiana da UCLA, kuma makarantu da dama suna da hanyar gwada ɗalibi a harshen da ba sa koyarwa. Idan ka rubuta Hausa a WAEC ko NECO, ka riƙe sakamakon ka nuna. Abu ɗaya: ɗauke maka sharaɗi ba ya nufin an ba ka kiredit, gurbi ne ya buɗe da za ka cike da wani abu. Ni da za a bi tawa, wanda aka ɗauke wa ya sa Faransanci ko Larabci a gurbin, zai amfane shi idan ya koma gida.

Iyaye za su kira su tambaya, an tura ka karatun likita, me ya haɗa ka da tarihin zane-zane? Ka yi musu bayani da ladabi. A Amurka ba a shiga likitanci ko lauya daga sakandare. Sai ka yi digirin farko, ka kuma rubuta jarrabawar shiga, MCAT ta likitanci ko LSAT ta lauya, ka nemi makarantar. Mai son likitanci zai iya yin meja a kowane fanni, in dai ya haɗa da bayoloji da kemistiri da fiziks da ake buƙata. Mejar ma a makarantu da yawa sai ƙarshen shekara ta biyu ake ayyana ta, shi ya sa darussan gama-gari suke da amfani wajen gane inda ƙwaƙwalwarka ta fi kamawa. Sai dai ka sani izinin aiki na OPT bayan kammalawa wata 12 ne, kuma dole aikin ya dace da mejar; fannonin kimiyya da fasaha da lissafi ne ake ƙara wa wata 24.

Matambayi ba ya ɓata, amma a tambayi wanda ya sani. Kundin dokokin karatu na shekarar da ka shiga, wato katalog, shi ne yarjejeniyarka da makaranta, ka sauke shi ka ajiye. Kowane zango ka buɗe shafinka da ke nuna abin da ka cika da abin da ya rage, ka zauna da mai ba ka shawara kafin ranar rajista. Ka nemi kwas da zai cika sharaɗi biyu a lokaci guda, in dokar makarantar ta yarda. Ka lura da waɗanda sai an yi wani kafin a shige su, da waɗanda sau ɗaya ake koyar da su a shekara. Ka yi rajista da zarar an buɗe maka, domin ragowar gurabe su ne na Juma'a da rana, daidai lokacin masallaci.

GPA ɗinsu a kan 4.0 yake, ba 5.0 irin na gida ba, kuma galibi 2.0 ne mafi ƙarancin kammalawa, wani lokaci har a cikin mejar daban. Mai tallafin karatu kan buƙaci fiye da haka. Makarantu da yawa kuma suna so wani adadi na kiredit, sau da yawa 30 na ƙarshe, a yi shi a wurinsu, don haka kafin ka ɗauki kwas mai arha a wata kwaleji lokacin hutu, ka karɓi amincewa a rubuce. Idan kwas ya yi maka nauyi kana so ka janye, ka fara zuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje, domin sauka ƙasa da kiredit 12 ba da izininsu ba yana ɓata biza. Kwas ɗaya kacal na intanet ake ƙirgawa a cikin 12 ɗin.

Kammalawar ma sai ka nema. Akwai fom da ake cikewa wata da watanni kafin ranar, kuma saka riga da hula a wurin biki ba shi ne digiri ba, sai ofishin rajistara ya tantance komai ya cika. In ka ga ba za ka gama a ranar da ke kan takardar I-20 ɗinka ba, wato wadda makaranta ta ba ka don neman biza, ka nemi ƙarin lokaci kafin ranar ta wuce, bayan ta wuce ba a ƙarawa.