Yadda Ake Bin Diddigin Sauya Sheƙar Ɗan Siyasa: Misalin Lyman Trumbull

Ɗalibin tarihi ko ɗan jarida a Kaduna da ke son yin rubutu kan sauya sheƙa zai fi kyau ya fara gwada hannunsa a kan wanda ya daɗe da rasuwa kuma ba ɗan ƙasar nan ba, domin son rai kan shiga idan ana maganar na gida. Lyman Trumbull, sanatan jihar Illinois ta Amurka da ya rayu daga 1813 zuwa 1896, ya dace da wannan atisaye.

A fara da jera shekarun a takarda. Ya tashi a jam'iyyar Democrat, ya zama sakataren jiha a 1841 da alƙalin kotun ƙolin jihar a 1848, ya shiga majalisar dattawa a 1855 inda ya koma Republican, ya bi 'yan tawaren da suka kira kansu Liberal Republican a 1872, ya yi wa Democrat takarar gwamna a 1880 ya sha kaye, sannan a 1894 ya rungumi jam'iyyar Populist ta manoma.

Wanda ya tsaya nan zai ce mutumin ba shi da alƙibla, shi ya sa dole a rubuta a gefen kowace shekara abin da ake rigima a kansa. A 1854 Stephen Douglas, jigon Democrat daga jihar tasu, ya kawo dokar Kansas da Nebraska wadda ta buɗe wa bauta ƙofa a yankunan da yarjejeniyar 1820 ta haramta ta. Trumbull ya ƙi amincewa, kuma ayyukansa na bayan nan sun tabbatar da cewa da gaske yake, tunda yana shugabantar kwamitin shari'a na majalisar aka tsara gyaran tsarin mulki na 13 da ya soke bauta a 1865.

Daga nan a binciki abin da ya samu da abin da ya rasa a kowane juyi, nan ne aikin ya fi wuya. A 1855 'yan majalisar jiha ne ke zaɓen sanata, kuma ƙuri'a 5 kacal yake da ita a zagayen farko, sai Abraham Lincoln, wanda shi ma ke neman kujerar, ya umarci magoya bayansa su koma wa Trumbull don kada kujerar ta faɗa hannun ɓangaren Douglas. Wannan juyin ya yi masa riba, kada a ɓoye. Amma a 1868, lokacin shari'ar tsige shugaba Andrew Johnson, yana cikin sanatocin Republican 7 da suka wanke shi, aka tashi 35 na goyon bayan tsigewa da 19 na adawa, ƙuri'a ɗaya ta hana cika kashi biyu bisa uku da ake buƙata. Jam'iyyarsa ba ta yafe masa ba, ya bar majalisar a 1873 bai sake dawowa ba. A ganina wannan ƙuri'ar ta fi kowace sanarwar ficewa bayyana halinsa.

Idan an zo kwatantawa da gida, a yi hattara. Sashe na 68 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tanadi cewa ɗan majalisar tarayya da ya bar jam'iyyarsa zai rasa kujerarsa sai idan jam'iyyar ta rabu ko ta haɗe da wata, alhali Amurka ba ta da irin wannan tanadi, don haka Trumbull bai taɓa fuskantar wannan barazanar ba. Haka kuma kada a ɗauki Democrat da Republican na zamaninsa a matsayin na yau, domin a wancan lokaci Democrat ce ke da ƙarfi a jihohin kudu masu bayi.