Yadda Ake Raba Ginin Gida Gaɓa-Gaɓa

Mutane da yawa suna da fili, amma shekara da shekaru ko harsashi ba su haƙa ba, domin duk ranar da suka yi lissafin kuɗin gida gaba ɗaya sai gabansu ya faɗi. Ka ajiye wancan lissafin, ka yi na gaɓa ɗaya.

Fara da takardu: shaidar mallakar fili, zanen gida, da izinin gini daga hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. Zanen nan kada ka raina shi, da shi za a yanka sauran aikin.

Daga nan ka zauna da magini ku raba ginin a inda za a iya tsayawa ba tare da asara ba. Wannan shi ne ƙashin bayan maganar. Harsashi har zuwa zubin kankaren ƙasa gaɓa ce guda, ko an bar shi shekara ba abin da zai same shi. Ɗora bulo zuwa linta, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofofi da tagogi, wata gaɓa ce. Rufi kuwa ba a raba shi: idan kafinta ya kafa katako babu kuɗin kwano, rana da ruwan damina za su lanƙwasa shi, ka sake saye. Sai kuɗin katako, kwano, ƙusa da na aiki sun haɗu a hannunka sannan a hau sama.

Kowace gaɓa kuma ka sake daddatsa ta a littafi, har kowane layi ya zama aikin mutum ɗaya, mai farashi ɗaya, wanda za ka tsaya a wurin ka ga an gama. "Harsashi" ya yi girma. Rubuta: awon fili da igiya, haƙa, tifar yashi, tifar tsakuwa, rodi, siminti buhu kaza, ruwa, kuɗin birkila da leburori. Ruwan nan shi aka fi mantawa, alhali kankare na son ban-ruwa a kwanakin farko, kuma sai ya kwana 28 yake kai kusan cikakken ƙarfinsa.

Sai jeri. Bututun waya da na ruwa kafin filasta, filasta kafin tayil da fenti. Wanda ya juya wannan zai biya a fasa bangon da ya biya aka shafe.

Idan kuɗi suka shigo tsakanin gaɓoɓi, sayi abin da ke jure ajiya, kamar bulo da tsakuwa. Siminti kam kada ka tara shi watanni, danshi na daskarar da shi a cikin buhu. Kuɗin aiki kuma ka biya bayan an kammala kowane layi, ka soke shi a littafin, sannan a kira mai aiki na gaba.